Hannun Rigar Baba

Injin murza katako ya shigo shagona a shekarun da kuɗin mai ya fara zubowa ƙasar nan, lokacin da duk wanda ya samu kwangila guda sai ya rushe soron ubansa ya ɗora bene. Ni kafinta ne. Na yi makarantar koyon sana'a a Jos, na dawo Keffi na kama shago a unguwar Liman Abaji, ina buga ƙofa da taga da gadon aure. Da benaye suka fara tashi, sai aikin matakala ya yi yawa, kuma kowane mai gida yana son a kafa masa ƙwallon katako a kan ginshiƙin abin dafawa, irin wanda ya gani a Kaduna. Wani ɗan kwangila ya ba ni aikin guda takwas, kowanne kamar girman kan jariri, na madaci.

Mulmula ƙwallo da hannu ba wasa ba ne. Na ɓata gungume biyu kafin na haƙura na yi dabara. Ina da rauta, wani ɗan inji mai kaifin baki da ake riƙewa da hannu biyu ana fiƙe gefen tebur. Sai na ƙera masa hannu na katako, na kafa gindin hannun da ƙusa guda daidai ƙarƙashin tsakiyar gungumen, yadda in ka tura rautar za ta yi baka daga wannan gefe zuwa wancan. Inji yana juya gungume, rauta tana cin sa kaɗan-kaɗan, kafin ka ankara ƙwallo ya fito. Sirrin duka yana wurin gudu. Bel ɗin injin yana da gurbi uku: na hankali, na tsakiya, da na uku wanda in ka sa shi ko katakon ba ka gani sai inuwa. Gungume mai nauyi a gurbin farko ake juya shi. In an zo goge shi da samfefa, takardar nan mai kaushi, a koma na tsakiya. Na uku na ƙananan abubuwa ne, irin su mariƙin durowa, ni kaina sai na yi bisimilla sau biyu nake taɓa shi.

Mahaifina masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, duk gidan da ka shiga a unguwar Yara a wancan zamani da wuya ka rasa aikin gizagonsa. Ni ne ɗansa na fari, kuma Baba ya riƙe alkunya yadda ya gada, bai rage komai ba. Bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa ɗaukata ba, bai taɓa zama ya ci abinci da ni ba. Tun daga yaye ƙanwarsa ta ɗauke ni, wadda nake kira Goggo, ita ta raine ni, ita ce kuma hanyar magana tsakaninmu har na yi gemu. In yana da saƙo sai ya ce, “A gaya wa wancan.” In kuwa ba kowa a kusa, sai ya faɗa wa iska, ni kuma in tsinta. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na taso na gani.

Da injin ya zo, sai Baba ya tsiri biyowa ta shagon kullum da hantsi. Zai tsaya a bakin ƙofa, hannu goye a baya, ya kalli ƙwallo yana juyawa, ya ce wa ƙyauren ƙofa, “Wannan inji rago ne. Da gizago da tuni na kai gida.” Ni dai sai in sunkuyar da kai in ci gaba. Amma ina lura idonsa ba ya barin hannuna, musamman in na kashe injin zan mayar da bel daga gurbi zuwa gurbi.

Abokan zamansa ne suka ja mana. Dattawa uku ne da suke zama tare a dakalin ƙofar gida, bakinsu ba ya hutawa. Suka sa shi gaba da tsiya, wai an yi masa ritaya ba takarda, wai ɗansa ya sayo ƙarfen da ya fi shi iya sassaƙa, wai ya rataye gizago ya koma jan carbi. Wasa suke yi, amma Baba ba ya ɗaukar wasa a kan sana'a. Ranar wata Talata, ina kan ƙwallo na shida, sai ga Goggo ta shigo tana kaɗe ƙurar katako daga fuskarta.

“Kafinta, Yaya ya ce a gaya maka ka bar masa na ƙarshen. Shi zai yi da hannunsa, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, a gaban mutanen nan nasa.”

Gabana ya faɗi. Ba don ina shakkar hannunsa ba, hannun Baba ya fi nawa tsayuwa nesa ba kusa ba. Rigarsa na tuna. Baba ba ya fita sai da babbar riga, ta Juma'a kuwa ita ce mafi yalwa, mai hannuwa har ƙasa. Da gizago ba damuwa, a zaune yake aiki, ya saɓa hannun rigar a kafaɗa, in ya zamo ya sake saɓawa. Shekara arba'in yana haka. Inji kuwa ba ya jiran ka sake saɓawa. Ranar farko da muka shiga ɗakin injuna a Jos, sai malaminmu ya kunna inji ya saki tsumma a kan katakon da ke juyawa. Wallahi ban ga tafiyar tsumman ba. Ƙara kawai na ji, sai ga shi ya nannaɗe tam, sai da aka sa wuƙa. Ya ce mana da a ce akwai hannu a ciki da haka zai bi.

Na ce, “Goggo, ki taimake ni. Ki ce masa ya tuɓe babbar riga kafin ya taɓa injin nan. Zai kama hannun rigar ya tafi da hannunsa.”

Ta dafe ƙirji. “La ilaha illallahu! In ce wa Yaya ya tuɓe? A gaban ɗan farinsa da abokansa, ya tsaya da 'yar ciki kamar ɗan dako? Kai, karatun nan naka bai bar maka kunya ba.”

“To ki ce a ɗaure hannuwan da igiya ta baya.”

“A ɗaure shi! Rago ne shi?”

Na yi mata bayanin tsumman, na kwatanta da hannu, har na kunna injin na nuna mata. Ta ja da baya tana salati, ta ce to, za ta san yadda za ta faɗa. Washegari ta dawo fuska a sake, wai ta isar. Na ce me kika ce masa? Ta ce, “Ce masa na yi kana gudun kada ƙura ta ɓata masa rigar Juma'a.” Na ce shi kuma fa? Ta ce ya yi dariya ya ce ai akwai sabulu a garin. Haushi ya kama ni. Saƙon da na aika da rai a ciki, ta wanke shi tas kafin ta miƙa, kuma a ganinta gyara ta yi mini.

Kwana biyun nan ban san me na ci ba. Na yi tunanin in mulmule na takwas ɗin kafin Juma'a in ce mantuwa na yi, sai na duba na ga babu gungumen. Ashe Baba ya zaɓi wanda ya fi kyau, ya yi masa alama da gawayi, ya ɗauke shi zuwa gida. Na yi tunanin in cire bel in ɓoye in ce inji ya lalace. To ranar Asabar fa, in ya ji ƙararsa daga titi? Ƙarya ga Baba, kuma ƙaryar da za ta tonu cikin kwana guda, a ce na hana shi ne don ina ganin ba zai iya ba. Na je har ƙofar gida sau biyu da niyyar in durƙusa in faɗa masa da bakina. Na farko na tarar da dattawan, na gaishe su na wuce. Na biyu shi kaɗai ne, na durƙusa, na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, sai harshena ya ƙi. Shekara talatin da 'yan kai ban taɓa fara magana da shi ba bayan gaisuwa, ban san ta inda ake farawa ba. Na ce, “A huta lafiya,” na tashi ina zagin kaina a zuci.

Abin da ya rage mini sai addu'a, kuma addu'ar da na yi abin dariya ce. Wutar lantarkinmu a lokacin ba ta da alƙawari, ta zo da safe ta ɗauke da azahar, wani lokaci ta yi kwana uku ba labari. Kullum tsine mata nake. Ranar Juma'ar nan kuwa, a sahu, ina roƙon Allah ya ɗauke ta. Na dawo shago da sauri na taɓa makunnin fitila, sai ga ƙwan ya kama tar, ko ƙiftawa ba ya yi.

Na share ƙasa, na kawar da duk abin da zai iya harɗe ƙafa, na sa bel a gurbin farko, na duba ƙusar hannun rautar sau uku. Ban gama ba sai ga su. Baba a gaba da farar riga mai aiki a wuya, gungumen a hannu, dattawan a baya suna ta ba'a. Na shimfiɗa musu benci. Na karɓi gungumen da hannu biyu na ɗaura a inji, na ɗaure shi fiye da yadda na saba, sannan na koma bayansa na tsaya. Makunnin injin yana ta gabansa, daidai cikinsa. Daga inda nake ba na kai wa gare shi sai na ratsa ta jikinsa.

Ya saɓa hannayen rigar a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya kunna. Zancen gaskiya, aikin rautar ya tafi lafiya. Hannuwansa biyu suna kan mariƙinta, nesa da katakon, gungumen yana juyawa a hankali. Bai taɓa riƙe rauta ba sai ranar, amma ya tura ta kamar da ita aka haife shi, ba gaggawa, ba ya cin da yawa. Inda ni nake barin ɗan tudu sai na dawo, shi sau ɗaya ya wuce. Garin madaci ja yana zuba a kan farar rigar, ko kallonsa bai yi ba. Dattawan suka yi tsit. Da ƙwallon ya fito, ɗaya daga cikinsu ya ce, “Kai! Tsohon nan bai mutu ba.” Na ji daɗi har cikin raina, na ce a zuci to alhamdu lillahi, saura guga, ni sai in ƙarasa.

Baba ya kashe rautar, ya kawar da hannunta gefe, ya kashe injin. Ya shafa ƙwallon da tafinsa. Sai ya ce wa iska, “Samfefa.”

Na miƙa masa. Guga ita ce abin da nake tsoro tun farko, domin sai ka sunkuya, ka rungumi ƙwallon da tafi yana juyawa, hannunka a kansa. Na matsa zan mayar da bel gurbin tsakiya, sai ya ɗaga mini yatsa ba tare da ya waiwayo ba. Ya buɗe murfin bel ɗin da kansa. Makonnin da ya yi yana kallona ba a banza ba, ya san yadda ake sassauta shi. Ya tsallake na tsakiya, ya zura bel a gurbi na uku.

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, “Baba, wannan na ƙananan abubuwa ne.”

Wannan ce magana ta farko da na taɓa fara yi masa. Bai juyo ba. Ya dubi abokansa ya ce, “Yaran yanzu tsoro ya yi musu yawa. Abu in ba ya gudu yaushe zai yi sheƙi?” Suka yi dariya, ya danna makunni.

Injin ya ɗauki wata ƙara da ban saba jin ta da katako mai nauyi haka ba. Teburin yana rawa, ƙusoshin da ke cikin gwangwani suna kaɗawa. Baba ya sunkuya ya ɗora samfefa, ƙura ta tashi. Ni ban ga ƙwallo ba, ban ga dattawa ba, kafaɗarsa ta dama kawai nake kallo. Hannun rigar ya fara zamowa. Ya ɗaga kafaɗa ya mayar da shi, yadda ya saba, bai ma san ya yi ba. Ya sake zamowa, ya kai gwiwar hannu, ya sa hannun hagu ya saɓa shi. Zufa ta jiƙa mini baya. A karo na uku ya zamo gaba ɗaya, lokacin Baba ya duƙa sosai yana bin gefen ƙwallon kusa da haƙoran ƙarfen da ke riƙe da katakon. Na ga bakin yadin yana lilo, iskar juyawar tana jan sa. Tsakaninsa da ƙarfen bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Ban yi shawara ba. Na ji muryata ta ce, “Kai! Matsa!” Na rungumo shi ta ƙugu na fizgo shi baya da duk ƙarfina. Ban san ba shi da nauyi haka ba. Muka tafi tare, na saki, ya faɗi zaune daɓas cikin garin katako, ƙafafu a sama, hularsa ta gangara ƙarƙashin benci. Na tsallake shi na kashe injin.

Da ƙarar ta mutu sai na ga abin da kowa ya gani. Rigar lafiyarta lau, ko zare bai fita ba. Injin bai taɓa ta ba. Babu wanda ya ga haɗari a wurin sai ni. Abin da dattawan nan uku suka gani shi ne ɗan fari ya daka wa ubansa tsawa, ya ce masa “kai”, ya kayar da shi ƙasa ranar Juma'a. Ɗaya ya kawar da kai yana salati. Ɗaya ya sunkuya ya ɗauko hular, ya kaɗe ta, ya riƙe bai san wa zai ba ba.

Na durƙusa na miƙa hannu in tashe shi. Ya dubi hannun, bai kama ba. Ya dafa ƙasa, ya dafa ƙafar teburi, ya miƙe a hankali. Ya karɓi hularsa ya sa. Bai kaɗe rigar ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ce wa ƙyauren ƙofar, ba da faɗa ba, “Saura kaɗan in gama.” Ya fita, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi mini sallama. Na zauna a ƙasa inda ya faɗi, na daɗe a wurin.

Kafin la'asar Goggo ta iso, mayafi a hannu, tana kuka tana faɗa. Wai na kashe ta, wai za a ce tarbiyyarta ce. Na ce, “Goggo, da kin faɗa masa yadda na faɗa miki!” Ta ce, “Da ka faɗa masa da kanka mana, tunda ashe bakinka yana buɗewa!” Washegari ta sa ni gaba har gida, na durƙusa a zaure na ba da haƙuri, na yi bayanin tsumma da gurbi na uku da komai, ina magana ina kallon tabarma. Baba ya saurara har na gama. Ya ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Iyakar abin da ya ce ke nan, a ranar da kuma bayanta.

Bai yi fushi da ni yadda mutane suka zata ba. Ina gaishe shi yana amsawa, 'ya'yana suna hawa jikinsa, in an yi girbi ana aiko mini da rabona. Amma bai ƙara taka shagon ba. In za shi kasuwa sai ya zaga ta bayan layi, hanyar da ta fi nisa, don kada ya bi ta ƙofata. Zaman dakali ma ya rage shi, domin dattawan sun daina yi masa tsiya, kuma na san wannan ya fi tsiyar ciwo. A unguwa an daɗe ana nuna ni. Har yau akwai tsofaffin da in aka ambace ni sai su ce, ai wanda ya kayar da ubansa. Ni kuwa na sha juya abin a raina ina aiki: da na ƙyale, wataƙila da ya sake ɗaga kafaɗa ya mayar da rigar, ya gama gugarsa, ya fita da girmansa. Wataƙila kuma da a buhu za mu kwashe hannun. Ban sani ba, kuma babu wanda zai gaya mini.

Ya yi shekara tara bayan wannan. Ya rasu da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Limamin unguwa ya ce babban ɗa ya shigo a yi wanka da shi, na shiga. Liman yana zuba ruwa yana gaya mini abin da zan yi. Ya ce, “Fara da dama.” Na ɗago hannun Baba. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Tafin yana nan da kantar gizago, tauri kamar ƙahon bijimi, ga wani tsohon tabo a gindin babban yatsa da ban san da shi ba. Na wanke daga kafaɗa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa wuyan hannu, na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, biyar cif, ba wanda ya ɓace. Kunyar abin da na yi masa ba ta sake ni ba, ko a lokacin, amma na gode wa Allah, hawaye ya kece mini.

Liman ya jira ni kaɗan, sannan ya ce a hankali, “Malam, saura hagu. Jama'a suna jira a waje.”

Na ce to, amma ban saki ba tukuna.